Kwali Huɗu a Rabin Kuɗi

…kuma ba shinkafar ba ce. Shinkafa ba ta irin wannan wari. Tana cusa hannu cikin buhun har gwiwar hannu, tana ɗebowa daga can ƙasa, tana kaiwa hanci. Lafiya lau. Wake? Tana girgiza buhun, tana kara kunne. Shiru, ko ƙwaro ɗaya babu. Wa ma zai sayar mata da wake mai ƙwaro ya sake haɗa ido da ita? Ba mai ba ne. Ba albasa ba ce, jiya-jiyan nan ta juya ta ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da masu taushi. Ko ɓera ne ya mutu? A sitona? Allah ya sawwaƙe. Shekara talatin da ɗaya, ko kashin ɓera ba a taɓa tsinta a ɗakin nan ba.

Amma warin yana nan. Tsami-tsami, irin na nonon da aka manta a rana. Daga kusurwa yake tasowa, kusurwar da tun shigowarta take kauce wa kallo.

Kwalayen.

Kwali huɗu na madarar gwangwani, ɗaya kan ɗaya, yadda mai baro ya jera mata su. Na ƙasan ya jiƙe ta gefe, ya yi laushi, ga wani abu rawaya-rawaya ya gangaro kan siminti ya bushe. Tana durƙusawa, gwiwa na ƙara. Tana zaro gwangwani ɗaya. Ya kumbura sama da ƙasa kamar kumatun mai fushi. Tana ajiye shi, ba ya zama daidai, sai rawa yake yi a ƙasa. Wani kuma. Shi ma. Wani… wannan ne ya fashe, ga bakinsa ya tsage.

A'a. A'a mana. Uku ne kawai. Uku cikin kwali, ai ko 'ya'yan ciki ɗaya ba a rasa lalatacce. Bari a ga na sama.

Na saman ma.

Gidan shiru. Ɗanta ya fita aiki tun safe, babban nata, wanda take zaune a gidansa — a'a, wanda yake zaune a gidanta, a riƙa faɗin magana daidai. Matarsa tana kantin magani inda take aiki, sai ƙarfe biyu take dawowa, ta biya ta ɗauko 'yar jikar daga makarantar yara. Yanzu ƙarfe nawa? Rana ta kusa tsakiya. Da sauran lokaci. Lokacin yin me?

Makullin na bugun cinyarta, a ɗaure a haɓar zani inda ya saba. Har wurin ya yi kanta.

“Inna, ba don komai ba, ki huta haka nan.” Ƙarshen watan jiya ke nan, ɗan nata yana zaune yana murza hula, ya kasa kallonta. “Ƙafafunki ne nake ji. Ita kullum ta gaban babban kanti take wucewa, sai ta riƙa sayowa, ke ki zauna a kawo miki.” Babban kanti! Inda aka manna wa kowane kaya kuɗinsa a goshi, babu tayi, babu albarka, babu wanda zai biyo ka yana cewa dawo mu daidaita. Ka ɗauka, ka miƙa kuɗi, ka fita kamar wanda ya je karɓar magani. Wannan ne cefane? Ita kuwa matar tana can bakin ƙofa, kai a ƙasa. Shirun nan nata, shirun masu farar riga.

Ni kuma me na ce? “Miƙo kuɗin watan nan. In wata ya mutu ba ka ga sito cike ba, ba ka ga rara ba, ka zo da hannunka ka kwance makullin nan.” Wa ya aike ni? Babu wanda ya tambaye ni rantsuwa. Bakin nan, bakin nan… shi ke yanka wuya, an faɗa tun da.

Tana miƙewa. Tana komawa ta durƙusa. Tana ɗaga gwangwanin wajen hasken taga, tana juyo ƙasansa. Ga su nan, layi biyu, ƙananan baƙaƙe kamar sahun tururuwa. Lamba ai ta san lamba, ba a cutarta a canji. Ga biyu, ga sifili, ga wannan mai ƙugiya, bakwai. To sai me? Wanne ne wata, wanne ne shekara? Layin sama ne ranar haihuwarsa, na ƙasa ranar mutuwarsa, ko kuwa akasin haka? Shinkafa a cije ta, ta faɗi gaskiya. Mai a shinshina, a shafa a bayan hannu. Gari a murza. Sabulu a danna da farce. Gwangwani fa? Ƙarfe ne a rufe ruf, ba ya wari, ba ya ɗanɗano, sai ranar da ya ga dama ya tona maka asiri.

Maigida, kai ka san wannan. Kai ne ka sani, ka tafi ka bar ni da shi.

Yana tsaye a bayanta da kwando, haka kullum ranar sari, dogo, shiru-shiru, yatsunsa sirara irin na mai gyaran agogo. 'Yan kasuwa na tsokanarsa: “Maigida, yau ma an fito dako?” Sai ya yi murmushi. Ita tana gaba tana yaƙi, shi yana baya kamar bai san me ake ba. Ya ɗauki gwangwani kamar mai wasa da hannu, ya juya, ya ɗan runtse ido ɗaya irin yadda yake yi wa cikin agogo, ya ajiye. Can ƙasa-ƙasa, ita kaɗai ke ji: “Wannan yaro ne, ɗauki.” Ko kuma: “Wannan ya ga jiya.” Shi ke nan sai ta ɗaga murya layin duka ya ji: “Kai! Ka duba kwanan watan nan kuwa? Ni za ka tura wa tsohon kaya?” Mai kaya ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Layin 'yan sari kaf sun ɗauka tana karatu. Shekara talatin. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yan da suka haifa. Ko ita bai taɓa tayar mata da maganar ba, ko ranar da suka yi faɗa.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka fita da gawarsa. Tun daga ranar ba ta sake taya abin gwangwani ba. A ce madara, ta ce ta gari ta fi auki. A ce tumatir, ta ce ɗanye ya fi lafiya. Wa ya lura? Babu.

Sai watan nan. Sai da na rantse.

Sai-da-gyara, haka suke kiranta. Daga nesa mai shinkafa zai hango ta ya ce wa na kusa da shi, “Ɓoye mudun nan mai lotsattsen gindi, ga Sai-da-gyara nan.” Tana da ƙa'ida, kowa ya sani. Ta taya rabi. A ce albarka. Ta ƙara kaɗan, ta kushe kayan tun daga buhu har igiyar ɗinki. A rantse mata sau biyu. Ta juya ta tafi, taku bakwai, ba ta waiwaye, a na takwas za a kira ta. In ba a kira ba, to kuɗin gaskiya aka faɗa, sai ta zagayo ta wani layin ta dawo kamar hanya ce ta biyo da ita. In kuwa mai kaya ya sallama tun tayin farko, gudu ake yi. Ita ta koya wa mata wannan! Da bakinta ta sha faɗa: banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sabon shago ne, can ƙarshen layi, mutumin ma sabo, mai ɗan gemu, kwalaye har rufi. Ta taya rabi don ta ji bakinsa kawai.

“Na sallama, Hajiya.”

Nan ya kamata ƙafa ta ɗauke ni. Nan. Amma rabin kuɗi… kwali huɗu, madarar wata uku, a jere a sito, ɗana ya shigo ya gani da idonsa, ita ma ta gani, mai babban kanti. Ga kuma matar direba, maƙwabciyarta, tsaye a gefe da wayarta a hannu, ta biyo ta ne musamman wai ta koyi ciniki. “Kai, Inna! Tayi ɗaya? Wallahi ke ba dama.”

Kuma mutumin bai rufe ta ba. Abin da ke ci mata rai ke nan, da ma ɓarawo ne. Da ɓarawo ne da yanzu ta yafa mayafi, ta sa an kwashi kwalayen, ta je ta tara masa kasuwa, ya san ya taɓo gidan rina. Amma ya zaro gwangwani da hannunsa ya miƙo mata, ƙasan a sama.

“Hajiya, gaskiya ɗaya ce. Ki duba kwanan watan da kyau, shi ya sa na karyar da kuɗin. Kada gobe a ce na cuce ki.”

“Inna, kawo in duba miki,” in ji matar direba.

In duba miki. A gaban sabon mutum, a gaban mai baro, a layin da aka san ni shekara talatin.

“Idona lafiya lau, 'yar nan.”

Ta karɓa. Ta ɗaga shi wajen haske. Ta runtse ido ɗaya — ido ɗaya, irin naka! — ta motsa leɓe kamar mai haɗa baƙi. Ta ɗan jinkirta don abin ya yi kama. A bayanta babu kowa. Ta saurara duk da haka, wallahi ta saurara, ko za ta ji ƙasa-ƙasa… hayaniyar kasuwa kawai.

“Na gani,” ta ce. “Ba komai. Ƙara mini biyu gyara.”

Har da gyara. Ya kuwa ƙara.

Tana fitowa daga siton, tana tsayawa a tsakar gida, rana na dukan ka. Tana komawa. A zubar? Ina? Motar shara sai jibi, kuma masu kwasar sai sun buɗe kowane kwali sun gani, kafin la'asar unguwa ta ji. A haƙa rami bayan ɗaki? Siminti ne ko'ina, ɗanta ne ya sa aka shafe bara, wai don kada ta zame. A kai bola da kai, kwali ɗaya-ɗaya cikin zani? Ta wuce ta ƙofar matar direba sau huɗu? Wadda labarin tayi ɗaya ya riga ya zaga gidaje a bakinta?

To a ce ma sun ɓace. Kusurwar fa? Ya ga kwalayen, ranar da aka kawo har ya dafa na sama ya ce, “Inna, ke dai Allah ya bar mana ke.” Kuɗin naman wata ne a ciki, da rabin na mai. Ta ce a yi haƙuri da kifi busasshe zuwa ƙarshen wata, za a ga amfanin abin. Sun yi haƙuri. Kwana goma sha ɗaya suna haƙuri, ba wanda ya ɓata fuska.

'Yan kunnen. Na zinariyar da ke ƙasan akwati. A sayar, a sayo wasu kwali huɗu, a jera a wurin, wa zai sani? Hoton saniyar da ke jikin gwangwani dai iri ɗaya. Ta tafi yanzu, kafin biyu ta dawo… ta sayo a wurin wa? Ta ɗaga gwangwanin, ta runtse ido, ta sake cewa na gani? Wa zai ce mata yaro ne ko ya ga jiya?

Ajin manya. Sati uku ta yi, shekarun baya, maigidan ne ya lallaɓa ta, har ya sayo mata littafi da fensir ya feƙe mata da wuƙar aikinsa. Wata malama 'yar ƙarama, sa'ar 'yarta ta biyu: “Mama, tashi ki karanta mana layin farko.” Tashi. A gaban matan da take saya wa kaya a sari suna gode mata. Ta tashi kuwa, ta ɗauki jakarta, ba ta sake komawa ba. Da ya tambaya ta ce bencin ne ke sa mata ciwon baya. Ya ce to. To kawai. Da ka matsa mini! Da ka yi mini faɗa sau ɗaya a rayuwarka, ka ce koma! Kai da haƙurinka… ka lulluɓe ni, ka lulluɓe ni, har ka tafi da mayafin.

Astagfirullah. Allah ya ji ƙanka. Ba laifinka ba ne.

Tana goge simintin da tsumma. Me ya sa take gogewa? Warin ba a ƙasa yake ba. Tana mayar da kwalin, tana juya jiƙaƙƙen gefen wajen bango. Tana sake fito da shi. Tana lissafin bakunan da za su yi magana: matar direba, mai shinkafa, mai mai, matan layi. Sai-da-gyara ta sayi ruɓaɓɓe, kuma an ce mata ta duba, ta ce ta gani. Ashe duk shekarun nan… Za su haɗa ɗaya da ɗaya. Tun yaushe ta daina kama tsohon kaya? Tun da aka daina biyo ta da kwando.

Shi kuma ba zai yi faɗa ba, ɗan ubansa ne. Zai zo ya durƙusa, ya ce Inna ba komai, kuɗi ne, ana samu. Ba zai ma taɓa makullin ba. Ni zan kwance. Na faɗa, kuma ban taɓa mayar da magana ciki ba. Daga nan sai zama a kan tabarma, a kawo a ajiye, an gode, Allah ya yi albarka. A ci abin da aka ba ka. In sukari ya ƙare ba za ka sani ba sai ka ji shayi salam—

Shayi.

Kofin jikar. Ƙaramin, mai hannu biyu.

Kullum da safe matar ɗan takan zo bakin sito ta rusuna: “Inna, madarar yau.” Ita kuma ta buɗe da makulli, ta zaro gwangwani ɗaya daga kwalin sama ta miƙa. Kullum. Yau ma. Yau da safen nan ma, da hannuna! Yarinyar shekararta uku, cikinta ɗan mitsitsi, madara ta fi ruwan shayin yawa a kofinta, ni nake cewa a ƙara mata, a ƙara, ai muna da ita har kwali huɗu. Shekaranjiya ba ta ce cikinta ba? Ko ƙafa ta ce? Ta yi kuka da asuba, na ji, na ce rigima ce. Ya Allah. Ya Allah, ba yarinyar ba. A ɗauki makullin, a ɗauki siton da abin da ke ciki…

Ba ta san sa'ad da ta ratsa tsakar gida ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Kicin. Rabonta da shiga nan tun da ta sakar wa matar girki, ita sito, waccan murhu, kowa da iyakarsa. Ina gwangwanin safe? A shinshina ragowar, hanci ba ya ƙarya. Kan tebur babu. Kwandon shara… ga gwangwani, an fasa, an juye. Tana ɗaukowa, tana kaiwa hanci. Daɗi. Ƙamshin madara sak. Alhamdulillahi, alham—

Saniyar ba ita ba ce.

Tata saniyar a tsaye take, fara da baƙi, cikin ciyawa. Wannan kai ne kawai, ja, da ƙararrawa a wuya. Ga 'yar farar takarda manne a gefe, irin wadda babban kanti ke mannawa.

Tana buɗe kabad na sama. Kofuna. Na tsakiya, faranti. Na ƙasa, can ciki bayan manyan tukwanen da ba a taɓawa sai an yi baƙi, wani abu na ƙyalli. Tana durƙusawa, tana janye tukunya.

Ga su. Saniya a tsaye, fara da baƙi. An jera su sahu-sahu, an lulluɓe da tsumma mai tsabta, ba a fasa ko ɗaya ba. Ɗaya, biyu… tara, goma, sha ɗaya. Har da na yau.

Tun ranar farko ke nan. Mace da aikinta ke nan daga safe har rana, juya kwalba ta duba ƙasanta. Kallo ɗaya ya ishe ta. Ta gani, ta rusuna, ta karɓa da hannu biyu. Ni kuma ina tsaye a kanta ina cewa, “Kin ga madara ko? Rabin kuɗi. Je ki tambayi masu kantinku ko sun taɓa jin haka.” Ta ce, “Allah ya ƙara girma, Inna.” Sau goma sha ɗaya. Ta fita ta sayo wata da kuɗin guminta, ta shigo da ita a jaka kamar kayan sata, ta zuba wa 'yarta, ta zuba wa mijinta… ta zuba mini. Na sha. Jiya har na ce, kun ji bambanci ko, madarar sari daban take.

Bai sani ba. Da ya sani da na gani a fuskarsa, ba ya iya ɓoye ko ciwon kai. Ba ta faɗa masa ba. Kalma ɗaya za ta yi, makullin ya zama nata, ni na rantse, ba ita ba. Me take jira? Ƙarshen wata, ta baje su a gabansa? To me ya sa ta lulluɓe su? Mai shirin tona asiri ba ya wanke tsumma ya rufa. Tausayi? Ni? 'Yar da aka haifa ina da 'ya'ya uku? Da ta zage ni mana. Da ta yi dariya, in san inda zan kama. Wannan kuwa ta ina ake taya shi, ta ina ake cewa albarka?

Tana son tashi. Gwiwar ta ƙi. Tana zaune daɓas a ƙasan kicin ɗin da ba nata ba, tukwane a warwatse, gwangwani ɗaya a cinya, yatsunta a kan ƙullin haɓar zani. Ƙullin ya yi tauri, shekara da shekaru ba a kwance shi duka ba, farce ba ya shiga. Ja take yi ko riƙewa, ita ma ba ta sani ba.

Ƙarar ƙofar gida. Tun yanzu? Ƙananan takalma na gudu a siminti, muryar yarinyar, lafiyayya, tana kiran kaka, kaka. Sai taku na biyu, na uwarta, a hankali. Ya tsaya a tsakar gida. Ya daɗe a tsaye.

“Inna? …Inna, kin bar sito a buɗe.”

Ta sani. Tana buɗe baki, kuma duk kalmomin da ta tara shekara talatin na kasuwa ne, babu ko ɗaya da…